Daga Akwatin Galvin Zuwa Ƙofar Mota: Tarihin Sautin da Ake Canzawa

A watan Yunin 1930, Paul Galvin ya tuƙa motarsa ƙirar Studebaker daga Cikago zuwa birnin Atlantic City, inda masu ƙera rediyo na Amurka suke taronsu na shekara. Ba shi da rumfa a zauren baje kolin, don haka ya ajiye motar a waje, ya kunna rediyon da kamfaninsa ya ɗaura mata, ya bar amon ya janyo masu wucewa. Da odar da ya samu a wannan tafiya ƙaramin kamfanin ya miƙe, kuma sunan da ya raɗa wa na'urar, Motorola, daga baya ya zama sunan kamfanin baki ɗaya. Abin lura shi ne, wannan rediyo ba daga masana'antar mota ya fito ba. Mai mota ne ke sayensa da kuɗinsa, ya kai wa gwani ya ɗaura masa. Ke nan al'adar gyara wa mota sauti ta girmi sautin da masana'anta ke sakawa.

Ita kanta lasifikar ta riga rediyon mota da 'yan shekaru. A 1925 injiniyoyi biyu, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin da har yau ake bi: a naɗe siririyar wayar tagulla, a rataye naɗin a tsakiyar maganaɗisu, a liƙa masa faifan takarda mai siffar mazurari. Idan lantarkin da ke ɗauke da sauti ya ratsa wayar, sai naɗin ya riƙa kai da komo, takardar ta tura iska, kunne ya ji murya. Shekara ɗari bayan haka, wanda ya kwance murfin ƙofar motarsa zai tarar da waɗannan abubuwa uku ne dai. Bambancin lasifika mai arha da mai tsada yana cikin girman maganaɗisu, da ingancin faifan, da kuma abin da aka kewaye bakinsa da shi.

Rediyon farko kaya ne mai nauyi da tsada. Ana sayar da na Galvin fiye da dala 100, a zamanin da 'yan ɗaruruwan daloli ke sayen sabuwar Ford. Ɗaura shi kan ci dogon lokaci, domin sai an nemi mazaunin akwati da lasifika da eriya, sannan a yi dabarar hana tartsatsin fulogi shiga cikin sauti. A Jamus kamfanin Blaupunkt ya fitar da nasa a 1932. Hukumomi ma sun yi ɗari-ɗari, har a jihar Massachusetts aka yi yunƙurin haramta shi bisa zargin yana ɗauke hankalin direba. Duk da haka jama'a suka rungume shi, masu ƙera motoci kuma suka fara saka shi tun daga masana'anta ga wanda ya biya ƙari. Shekaru da dama tsarin bai sauya ba: lasifika guda a gaban mota, tana fuskantar gilashi. Tashoshin lokacin ba sa aiko da sauti mai zurfi, saboda haka babu wanda ya ga gazawarta.

Gazawar ta fito fili ne sa'ad da abin saurare ya inganta. A farkon shekarun 1950 rediyon FM ya shiga motocin Jamus, kuma Becker ya fitar da samfurinsa mai suna Mexico a 1953, wanda ke laluben tasha da kansa. A 1956 Chrysler ya gwada saka garmaho a ƙarƙashin gaban mota, ƙirar Peter Goldmark na kamfanin CBS, mai juya faifai na musamman a hankali. Faifan ba su da yawa a kasuwa, na'urar kuma ta yawaita ba da matsala, sai aka yi watsi da ita cikin 'yan shekaru. Nasara ta zo ta hanyar kaset. Earl Muntz, wani ɗan kasuwa a Kalifoniya, ya fara sayar da na'urar kaset mai layi huɗu a 1962. Bill Lear ya gyara dabarar ya mai da ita layi takwas, kuma a 1965 Ford ya sanya ta cikin abubuwan da mai saye zai iya zaɓa. Ƙaramin kaset ɗin Philips, wanda aka nuna a Balin a 1963, shi ya gaje su duka.

Kaset ya kawo abubuwa biyu. Na farko, direba ya sami ikon zaɓen abin da zai ji. Na biyu, ya kawo sitiriyo, wato sautin da aka raba dama da hagu, wanda lasifika ɗaya ba za ta iya fitarwa ba. Matashin da ya saba da amon kayan sautin ɗakinsa, in ya shiga mota sai ya ji waƙar ta rame, babu kauri babu armashi. Daga nan aka shiga huda ƙofofi da allon bayan kujera. Lasifika mai siffar ƙwai, inci 6 da 9, ta yi farin jini saboda tana dacewa da wannan siririn allo, but ɗin mota kuma ya zame mata akwatin da ke ƙara mata kauri.

Dalilin da ya sa lasifikar masana'anta ta zauna a baya lissafi ne kawai. Kamfanin da ke ƙera mota miliyan guda, in ya rage dala ɗaya a kan kowace, ya tsira da dala miliyan. Mai saye kuwa yakan duba inji da fenti da shan mai, ba ya leƙa bayan murfin ƙofa. Don haka aka saba amfani da ƙaramin maganaɗisu, da takarda mara kauri, da wani ɗan mazurari da ake liƙawa a tsakiya domin ya kwaikwayi siririn sauti. Ga shi kuma mota wuri ne mai wuyar sha'ani ga sauti. Gilashi yana mayar da amo, kujeru suna shanye shi, direba yana zaune a gefe guda, lasifikar ƙofa tana fuskantar ƙafarsa, rugugin taya da inji kuma suna danne amo mai kauri. Zafin rana da danshin da ke shiga ƙofa su ma suna cin kayan a hankali.

Wannan giɓi ne ya haifar da kasuwa sukutum a shekarun 1970. A jihar Arizona, Jim Fosgate ya lura cewa kunne na rasa ƙasan sauti da samansa a cikin mota, ya ƙera na'urar da ke cike gurbin a 1973, tushen kamfanin Rockford Fosgate ke nan. A 1974 Bill Crutchfield ya buɗe kasuwancin aika kayan sautin mota ta gidan waya a jihar Bajiniya, kuma abin da ya ɗaga shi shi ne bayanin da yake bai wa masu saye kan abin da zai shiga motarsu da yadda za su ɗaura da hannunsu. Kamfanonin Japan irin su Pioneer da Alpine da Kenwood suka cika shaguna. Ƙa'idar girman ramin rediyo da ta samo asali daga Jamus, milimita 180 da 50, wadda ta zama ta duniya a 1984, ta sauƙaƙa zare na masana'anta a zura wani. A wannan shekarar ce kuma Pioneer ya fitar da na'urar faifan CD ta mota.

Masu ƙera motoci sun ga kuɗi na wuce su. Amsar farko mai ƙarfi ta zo daga Amar Bose, malami a jami'ar MIT, wanda ya shawo kan General Motors cewa a tsara sauti tare da motar tun a kan takarda. Injiniyoyinsa suka auna yadda amo ke yawo a cikin kowane samfuri, suka zaɓi mazaunin kowace lasifika, suka daidaita amfilifaya da siffar ɗakin. Tsarin ya fito a motocin 1983, ciki har da Cadillac Seville. Ford ya bi sahu da JBL, daga baya Lexus ya haɗa kai da Mark Levinson. Sai dai wannan gata na masu manyan motoci ne ko masu biyan ƙari. Motar talaka ta ci gaba da fitowa da takardarta mai arha.

Darasin Bose ya shafi mai gyara na yau kai tsaye. Lasifika ba ta aiki ita kaɗai. Rediyon masana'anta ba ya ba da ƙarfin da ya wuce wat 15 zuwa 20 ga kowace lasifika, don haka wadda aka ƙera domin babbar amfilifaya tana iya yin ƙasa da tsohuwar a amo idan aka haɗa ta da shi. Ƙofar da ba a toshe ramukanta ba tana barin iskar bayan faifai ta haɗu da ta gabansa su kashe juna, kauri ya ɓace. Ɗaga ƙaramar lasifikar siririn sauti zuwa kusa da tsayin kunne sau da yawa ya fi ƙarin wat amfani. A kasuwannin da motocin hannu suka fi yawa, kamar Kano da Maraɗi, akwai ƙarin dalili: soson da ke kewaye da faifan yakan ruɓe bayan shekaru a rana, shi ne karkarwar da ake ji a ƙofa.

Yau allon da ke gaban mota ya haɗe rediyo da na'urar sanyaya ɗaki da kyamarar baya, har zare shi ya zama kasada. Ramin 1984 yana ɓacewa daga sababbin motoci. Abin da ya rage a hannun mai mota shi ne lasifikar kanta, mai wayoyi biyu da 'yan kusoshi, wadda Rice da Kellogg za su gane da kallo ɗaya.