Shekarar da Aka Rufe Aji, Aka Kashe Layi

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, labarin ɗan makarantar kwana yakan iso gida ne a bakin direban mota ko a wasiƙar da aka ba ɗan gari. Cikin shekara ashirin abin ya juye. 2go ta yi zamaninta ta wuce, Facebook da WhatsApp suka zauna daram. Malamai suka yi ta kukan cewa yara sun koyi gutsure kalmomi, suna kwana hira su wayi gari suna gyangyaɗi a aji. Kukan yana da gaskiya. Sai dai a lokacin nan ne kuma ɗaliban manyan makarantu suka mayar da zauren WhatsApp allon sanarwa, inda ake jin an ɗaga darasi ko a samu hoton takardar da babu kuɗin buga ta.

A 2021 ne yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya ga iyakar wannan dogaro. Ranar 26 ga Fabrairu, 'yan bindiga suka kwashe 'yan matan makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Kafin rana ta take, labarin ya zagaye duniya a waya, tare da adadin da 'yan sanda suka fara bayarwa, 317. Da aka sako su ranar 2 ga Maris, gwamnati ta ce 279 ne. Har yau akwai masu maimaita adadin farko, domin abin da ya riga shiga waya ba ya fita da sauƙi.

A Agusta aka far wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a Maradun, ƙaramar hukumar da gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya fito. Nan take aka rufe makarantun jihar. Ranar 3 ga wata kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu bayanai.

Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta samu layi ba sai farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A kullen korona na 2020, mai waya da kuɗin data yakan ɗan laluɓi darasi daga ɗaki. A wannan karon ba aji, ba intanet, ba ma kiran malami a tambaye shi yaushe za a koma. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya biya kuɗin mota ya tsallake iyakar jiha, wasu kuma suka koma rubuta wasiƙa suna miƙa wa direbobi a tasha, kamar yadda iyayensu suka yi. Layi ya riga aji dawowa: sai a Janairun 2022 aka fara buɗe makarantu, su ma ba duka ba.