Rigimar Filin Hampstead

A arewacin birnin Landan, kamar mil 4 daga tsakiyar gari, akwai wani tudu mai yashi da itatuwa da tafkuna, ana ce da shi Hampstead Heath. Tun zamanin da hurumin jama'a ne, nan mutanen ƙauyen Hampstead ke kiwo, nan mata ke shanya wanki. Amma bisa al'adar Ingila ƙasar tana hannun ubangidan gari, su talakawa hakkin mora kaɗai gare su.

A cikin 1821 wannan gado ya faɗo wa wani mai suna Sir Thomas Maryon Wilson. Lokacin nan kuwa Landan sai bunƙasa take yi, duk mai fili a gefen gari in ya yanka shi ya ba magina haya, ya zama attajiri. To, amma wasiyyar ubansa ta ɗaure masa hannu, ba ta yarda ya ba da haya ta wuce shekara 21 ba. Ba kuwa maginin da zai zuba dukiyarsa a filin da za a karɓe bayan ɗan wannan lokaci.

Saboda haka a 1829 ya kai kuka Majalisar Dokoki, ya roƙa a yi doka a kwance masa wannan ɗauri. Ko da maƙwabtansa suka ji, sai suka tashi tsaye. Suka ce in an ba shi wannan iko yau, gobe hurumin ma sai ya yanka shi. Kada mai karatu ya zaci duk don Allah suka yi. Yawancinsu masu arziki ne, tsoronsu kada a tare musu iska, darajar gidajensu kuma ta faɗi. Ga shi suna da abokai a Majalisa, sai roƙon ya sha ƙasa.

Wilson bai daddara ba, ya yi ta komawa, ana ta korarsa. A wajen 1845 ya tsara unguwa ta gidaje 28 a gonarsa da ke jikin hurumin, har ya gina wata babbar gada ta jan bulo don hanya. Ba a kafa ko gida ɗaya ba, gadar tana nan har yau. A 1856 aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa magada irinsa ba da doguwar haya, amma aka sa wani sharaɗi wanda ya ware duk mutumin da Majalisa ta taɓa hana wa, watau shi. Yana da manyan gonaki nesa da hurumin, da ya yi alkawarin barin hurumin da wataƙila an ƙyale shi ya gina su. Ya ƙi. Garin neman gira ya rasa ido.

Ana nan sai jirgin ƙasa ya iso Hampstead a 1860. Talakawan Landan, masu kwana a cunkushe cikin hayaƙi, suka riƙa zuwa shan iska ran hutu. Daga nan magana ta fi ƙarfin maƙwabta, ta zama ta birni duka. A 1865 aka kafa ƙungiyar kare hurumai ta Ingila. Wilson ya fusata, ya shiga haƙar yashi yana sayarwa, ya kuma soma gini a kan hurumin kansa. Wani ma'aikin banki, John Gurney Hoare, ya jagoranci masu hakki suka kai shi ƙara. Ba a yanke shari'a ba ajali ya riske shi a 1869, shekara 40 ke nan da fara rigimar.

Ɗan'uwansa da ya gaje shi ya zaɓi sulhu. A 1871 Majalisa ta yi doka, hukumar ayyukan Landan ta sayi hurumin, wajen eka 220, a kan fam 45,000, da sharaɗin ba za a taɓa gini a kansa ba. Su kuwa gonakin nan na nesa, magada suka yanka su, suka cika da gidaje.

Abin lura a nan shi ne, hanin maƙwabta jinkiri kawai ya kawo. Abin da ya kashe wutar shi ne da aka rarrabe inda za a gina da inda za a bari, aka kuma biya mai ƙasa hakkinsa. Aka yi ta saye ana ƙarawa, har filin ya kai wajen eka 790, kowa na shiga ba ko kwabo.