Daga Asabari Zuwa Labulen Bashi: Tarihin Adon Ɗaki a Birnin Zazzau

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau cikin ɗaki za mu shiga, amma da sallama. Duk wanda ke zaune a cikin ganuwar Zariya ya san inda hirar biki take ƙarewa yanzu: labule hawa nawa aka sa wa amarya, na wace ƙasa ne, furen roba nawa aka jera a falo. Ni tambayata ita ce, kafin waɗannan su zo, da me iyayenmu suke ƙawata ɗaki, kuma daga aljihun wa kuɗin yake fita?

Mu fara da taga. Ɗakin ƙasa irin na da, wanda har yau za ka tarar da sauransa a Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, da tubali ake gina shi, a rufe da azara. Bangon na da kauri, tagar kuma 'yar mitsitsiya ce can sama, wani ɗakin ma babu ita sam. Magina sun san abin da suke yi: ƙaramar taga tana tare zafin bazara da ƙurar hunturu da idon mai wucewa. To ka ga tagar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, me za ta yi da yadi goma?

Ƙofa ce ake rufewa. Akwai asabari, wanda ake naɗewa sama in ana son haske, a sake shi in ana son sutura. Akwai tsaiwa, igiyoyi ne suke zubowa a bakin ƙofa, iska na shiga, na ciki yana hango na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Mai hali ta rataya zanen saƙi. Da Hausawa suka ce labule sirrin ɗaki, aikinsa suke faɗa. Manyan tagogi sun zo ne tare da bulo da siminti da gilashi, bayan jirgin ƙasa ya iso wajen 1911 aka kafa Sabon Gari, sannan sannu a hankali salon ya ƙetaro ganuwa. Da taga ta girma, sai labule ya zama dole.

Adon gida a Zazzau kashi biyu ne. Na waje na maza ne. Garin nan ne fa garin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Magina sun yi ta zana dagi a fuskar zaure, daga baya har keke da mota da agogo suka hau bango. Wani masani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, ya yi shekaru yana nazarin gidajen Zariya da zanen bangonsu, har ya rubuta littattafai a kai. Wannan ɓangaren ya samu masu ɗaukar hoto.

Na ciki kuwa na mata ne, shi ne ba a cika ba da labarinsa ba. In za a kai amarya, matan unguwa ne ke taruwa su yi daɓe. A baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta sumul. Sai a zuba ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, daɓen ya yi ƙarfi ya yi duhu mai sheƙi. A shafe bango da farar ƙasa. Ladan aikin shi ne abinci da fura, da kuma sanin cewa ranar bikin taki 'yar, su ma za su zo.

Sai jere. Da farko ƙore ne da akusa da faya-fayai, mai wadata ta ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. A zamanin Turawa kwanonin fenti suka shigo daga Turai da Hong Kong, langa da kwalla da fanteka, aka riƙa jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayan su kabet ya zo da tangaran, sai samira, sai kuloli. Gado ma haka ya bi: na ƙasa, na kara, na ƙarfe mai rumfa, sannan na katako.

Baba ta Karo, wadda ta zauna a Giwa cikin ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Wanda ya karanta zai ga yadda biki yake tafiya a kan gudummawar dangi da ƙawaye: kin kawo mini yau, na kai miki gobe. Uwa kuma tun yarinya na ƙarama take tara mata kwano ɗaya-ɗaya, da ribar ƙuli-ƙuli da kaɗi da adashi.

Ga wurin da nake so mu tsaya. Jeren nan ba kallo kawai ake yi da shi ba, asusu ne. Ni na taso na ga kakata, Allah Ya jiƙanta, in wata lalura ta taso, sai ta sauko da kwalla ɗaya ta ba dillaliya, a kawo kuɗi a kashe wutar gaba. In ta samu sarari ta mayar da wata. Kayanta ne, miji ba ya taɓawa, ko aure ya mutu da abinta take fita. Yanzu ku gaya mini, labulen da aka yanka daidai tagar gidan haya, in aka tashi, nawa dillaliya za ta saye shi?

Fure fa? Mu ba mu gaji saƙa kambun fure a rataya a ƙofa ba, wannan al'adar Turawa ce. Amma ɗakin Bahaushiya bai rasa fure ba. Yana jikin marfin langa, yana jikin rigar matashi da zanen gado da 'yan mata ke ɗinkawa da zare mai launi. Abin da yake zagayayye mai ado a bango kuwa, ai faifai ne, an rina kabarsa ja da baƙi da kore. Birnin da ya yi suna a ɗinkin hannu na babbar riga, har mata a cikin gida suka karɓi sana'ar, ba a koya masa yadda ake fitar da fure da allura.

Ko da labulen yadi ya zama ruwan dare, akwai lokacin da yadin na gida ne. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, da audugar da ake nomawa a ƙasar Zazzau da Funtuwa. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Daga nan labulenmu da furenmu suka koma zuwa cikin kwantena, yawanci daga Chana. Shi ya sa da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, har bangon ɗakin amarya sai da ya ji a jikinsa.

Sakamakon muna ganinsa a unguwanninmu. An sa rana an ɗaga, an sake ɗagawa, don uba bai haɗa kayan ɗaki ba. Wani ya sayar da gonar gado. Wata an kai ta, dangin miji sun shigo ganin ɗaki, sun fita suna taɓe baki, gorin ya bi ta shekaru. Abin ya kai gwamnatin Kano, tun auren zawarawa na 2012, ita ke sayen gado da katifa, don ta san nan ne gizo yake saƙa.

Ba cewa nake mu koma asabari ba, ni ma ɗakina da labule. Cewa nake hannun da ya yi daɓe bai mutu ba. Yadi daga kasuwar birni ko ta Sabon Gari, a kai wa telan unguwa, ya isa taga. Ragowar atamfa in aka haɗa ta da tsari, labule ce mai kyau. Faya-fayai biyar a bango sun fi furen roba da zai kwashi ƙura ya koɗe kafin shekara, kuma kuɗin yana shiga hannun wata tsohuwa mai saƙa. Ƙawayen amarya da ke haɗa kuɗin anko, ku ware yini ɗaya ku yi mata adon ɗaki da kanku. Rarar kuɗin a saya mata abin da zai riƙe daraja, keken ɗinki ko 'yar tunkiya, ya tsaya mata a matsayin kwallar kakarta.

Mu kuma samari, magana ta dawo kanmu. Kai ne za ka cewa Hajiya da su Yaya, don Allah kada a je a ƙirga wa matata labule. In ba ka faɗa ba, babu mai faɗa.

Wanda ke da tsohuwa a gida, ya zauna da ita a makon nan ya tambaye ta me aka jera mata ranar da aka kai ta, ya rubuta ya ajiye. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba iyayenmu ikon sauke nauyi. Wassalamu alaikum.