Wa Nas Take Yi Wa Biyayya?

A shekarar 1893 Lystra Gretter, shugabar wata makarantar koyon aikin jinya a Detroit ta Amurka, ta jagoranci tsara rantsuwar da aka laƙaba wa sunan Florence Nightingale, ko da yake Nightingale ba ta da hannu a rubuta ta. A cikinta nas kan ɗauki alkawarin taimaka wa likita da aminci. Tarbiyyar aikin ke nan a wancan zamani: nas ta gari ita ce mai tsafta, mai riƙe sirri, wadda ba ta musu. Ko ƙa'idojin da Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar a 1953 sun wajabta mata zartar da umarnin likita, duk da sun ce ta ƙi abin da ya saɓa ɗa'a.

Wannan biyayya ta jawo ɓarna. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta zuba wa baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ido a Tuskegee ta jihar Alabama, don a ga yadda cutar ke cin jiki. Ba a faɗa musu ciwonsu ba, kuma ko da maganin fenisilin ya samu an hana su. Wadda ta riƙe su duk tsawon shekarun nan nas ce, Eunice Rivers. Ta san gidajensu, tana kai su asibiti a mota, su kuwa sun yarda da ita. Tausayi ba ta rasa shi ba, yardar ce ma ta sa suka ci gaba da zuwa. A Jamus ma, nas 14 da aka gurfanar a Munich a 1965 kan kashe majinyata a asibitin Obrawalde zamanin Nazi sun kare kansu da cewa umarni suka bi, kotu ta sallame su.

Za a ce asibiti ba ya tafiya in kowa yana gardama, kuma Rivers baƙar mace ce a ƙasar wariya, ba ta da bakin magana. Duka gaskiya ne. Sai dai hujja ta biyun tsarin take tuhuma, domin shi ya raine ta a kan cewa tambaya rashin ladabi ce. Ta farkon kuwa ta manta cewa likita leƙowa yake ya wuce, nas ke kwana a gefen gado, ita ke fara ganin inda umarni ya cutar. A 1973 Majalisar Ma'aikatan Jinya ta sauya ƙa'idojinta, ta cire batun biyayya ga likita, ta ce haƙƙin mai buƙatar jinya ne na farko a wuyan nas.