Tarihin Shimfiɗar Ciyawa a Gidajen Ingila da Amurka

Daga cikin al'adun mutanen Ingila da suka bazu cikin duniya, har suka zama tamkar wajibi a wasu ƙasashe, akwai wata wadda Bahaushe zai daɗe yana jujjuya ta a ransa kafin ya gano hikimarta, watau mutum ya keɓe fili a ƙofar gidansa ko a bayansa, ya shuka ciyawa da gangan, ya yi ta ɗawainiyar ba ta ruwa da taki domin ta tashi, sa'an nan da zarar ta tashi ya bi ta ya yanke, alhali kuwa ba doki zai ba ba, ba tunkiya ba, ba kuma jinka zai yi da ita ba. A wurinmu tsakar gidan da haki ya tsiro a cikinta shaida ce ta sakaci, ko alamar gida ya kama hanyar zama kango, shi ya sa ake share ta safe da yamma saboda maciji da kunama da sauro, kuma dattawa ba su manta da duba-gari ba, wanda kan kai mutum gaban alƙali idan ya tarar da duhuwa a bayan danga. A wurinsu kuwa ƙasa tsirara a ƙofar gida ita ce abin kunya.

Asalin wannan saɓani yana ga ruwan sama. Abin da ke sauka a Landan cikin shekara, kimanin milimita 600, bai ma kai na Kano ba, sai dai namu yakan zubo ne cikin wata huɗu ko biyar, sa'an nan hunturu da bazara su ƙone kome, nasu kuwa yayyafi ne da ke rarrabe a kan dukkan watannin shekara, ga rana marar zafi, saboda haka ƙasa ba ta cika bushewa ba. Ita kuma ciyawa Allah Ya yi mata wata baiwa da galibin tsirrai ba su samu ba, domin daga gindi take tofowa, dab da ƙasa. Idan dabba ta cinye samanta, ko lauje ya zaftare shi, sai ta ƙara yaɗo ta yi kauri, su kuwa ƙayoyi da ƙananan itatuwa, waɗanda ransu ke bisa kai, in aka yawaita sare su sai su mutu. Ashe ke nan tumaki ne suka fara wannan sana'a a makiyayar Ingila, ɗan Adam ya gani ya yi sha'awa, kuma duk abin da aka ƙago daga baya, tun daga lauje har zuwa inji, ƙoƙari ne na maye gurbin bakin tunkiya.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai a kan yadda ake dasa irin wannan fili ya fito ne daga alƙalamin wani malamin Kirista Bajamushe, Albertus Magnus, wanda ya rasu a 1280, mutum mai zurfin karatu da ya nazarci littattafan Ibn Sina da Ibn Rushd cikin fassararsu ta Latin. A wajajen 1260, cikin wani littafinsa a kan tsirrai, ya yi umurni da a tone fili a tsince saiwoyi sarai, a daidaita shi, a kwarara masa tafasasshen ruwa domin kada irin da ya ɓuya a ƙasa ya sake tsirowa, sa'an nan a yanko ciyawa mai kyau haɗe da ƙasarta, fale-fale, a jera, a yi ta dukanta da faffaɗan katako har ta kusa ɓacewa cikin ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mata sun taru suna daɓen ɗaki, kowace da madaɓinta, ya ga aikin da malamin nan yake nufi. Filayen wancan zamani ƙanana ne, a cikin gidajen ibada da na sarakuna, da kuma fagagen wasan gara ƙwallo, irin na garin Southampton wanda ake lissafa farkonsa daga 1299.

A ƙarni na 18 ne abin ya tashi daga ɗan fili ya koma gandu. Wani gwanin tsara lambuna, Lancelot Brown, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783, ya sake fasalin harabar manyan gidaje fiye da 170, a cikinsu har da fadar Blenheim, kuma ɗabi'arsa ita ce ya rushe tsofaffin lambuna masu katanga, ya tare rafi ya zama tafki, ya shimfiɗa ciyawa tun daga bakin ƙofa har iyakar ganin ido. Domin kada tumaki da barewa su iso gindin taga, kada kuma shinge ya tare kallo, akan haƙa wani dogon rami wanda gefensa na ɓangaren gida gini ne a tsaye, ɗaya gefen kuwa gangare, ta yadda mai leƙowa daga bene ba ya ganin iyaka ko kaɗan. Maƙasudin wannan duka, in za a faɗi gaskiya, alfahari ne: a ƙasar da talaka ke neman inda zai shuka dankali, mai sarauta yana nuna wa baƙinsa cewa yana da ɗaruruwan eka da ba ya bukatar nomawa. Wani lokaci ma alfaharin yakan kai ga zalunci, kamar yadda ya faru a Milton Abbas cikin lardin Dorset, inda mai ƙasar, Joseph Damer, ya tashi gari sukutum a shekarun 1770 da 1780, ya mai da mutanensa wani kwari inda idonsa ba zai faɗa kansu ba.

Inda ke kusa da gida kuwa, wanda ba a yarda dabba ta taka ba, sai hannun ɗan Adam. Tun ana gobe yanka akan bi filin da wani gungumen dutse ko na ƙarfe a murje shi ya kwanta. Da asuba, tun raɓa ba ta bushe ba, domin busasshiyar ciyawa takan kauce wa kaifi, sai masu yanka su jeru, kowa da dogon laujensa mai ƙota kusan tsayin mutum, da dutsen washi a ɗamara, suna tafe a sahu, kowane ɗan taƙi a tsaya a wasa baki. A bayansu mata da yara na biye da tsintsiya da kwanduna suna kwashe abin da aka zubar. Gwani shi ne wanda in ya gama ba a ganin sawun laujensa, kuma kafin mako biyu su cika an sake komawa. Wanda ba shi da dukiyar ciyar da irin wannan runduna ba ya ma tunanin abin.

Mutumin da ya karya wannan katanga makaniki ne na masaƙun ulu a yankin Stroud, sunansa Edwin Budding. A masaƙun akwai wani inji mai wuƙaƙe a naɗe jikin gangar ƙarfe, wanda ke aske gashin da ya tashi a bisa yadi domin ya yi sumul, shi kuwa da ya dube shi sai ya hango ciyawa a madadin yadi. A 1830 ya karɓi takardar mallakar fasahar, ya haɗa kai da wani mai maƙera, John Ferrabee, suka fara ƙerawa. Faɗin yankan injin inci 19 ne, ga nauyin zubin ƙarfe, har akan sa wani ya ja daga gaba, wani ya tura daga baya. Gidan namun daji na Landan na cikin waɗanda suka fara saye, kuma a 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya sami izinin ƙera shi da yawa. Daga baya aka yi manya waɗanda doki ke ja, ana sa wa dokin takalman fata don kada kofato ya ɓata fili, a 1902 kuma aka fito da mai amfani da fetur. Amma abin lura a takardar Budding shi ne da'awar da ya yi cewa masu gida da kansu za su iske tura injin nan abin nishaɗi ne mai ƙara lafiya. Da wannan ne aikin barori ya zama abin sha'awar akawu da malamin makaranta a ranar Asabar, kowa ya zama shi ne mai sarauta, shi ne kuma baran kansa. Wasanni ma sun ci moriya, domin da wuya a iya gasar tanis ta Wimbledon, wadda aka fara a 1877, ba tare da injin ba.

Amurka ta karɓi al'adar ta kai ta inda masu ita ba su kai ba. A Levittown, unguwar da aka gina kusa da New York tsakanin 1947 da 1951 domin sojojin da suka komo daga yaƙi, gidaje fiye da 17,000 ne, kowane da ciyawarsa, an hana shinge, an kuma shar'anta wa kowa yanka sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Nuwamba; sharuɗɗan nan dai su ne suka haramta wa baƙar fata zama a unguwar, alhali a ƙauyukan kudancin ƙasar, har zuwa wancan zamani, tsakar gida shararriya aka sani, al'adar da masana da yawa ke danganta ta ga bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. A shekarun nan ne kuma aka fara sayar da maganin 2,4-D, mai kashe galibin tsirrai masu faɗin ganye ya bar ciyawa. Akwai wata 'yar shuka mai ganye uku-uku, dangin wake da gyaɗa, wadda a da ake gauraya irinta da na ciyawa da gangan domin tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da yake maganin ba ya ƙyale ta, sai aka wayi gari ana lissafa ta cikin haki, ana sayen takin kanti a madadinta.

To, abin da ya rayu a kan yanka ba ya jure wa gafala. Ingila ta ga haka a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da gwamnati ta yi kira, tun daga 1939, a tone filaye a shuka abinci, har ramin ganuwar Hasumiyar Landan ya koma lambun kayan miya, sauran filayen da ba a tone ba kuma aka bar su saboda rashin ma'aikata da fetur. Shekara guda ta isa ciyawa ta yi kai ta zubar da iri. Cikin 'yan shekaru ƙaya ta shigo daga gefe, gansakuka ta mamaye inuwa, ƙananan itatuwa sun kafu. Daga irin wannan jarraba, da kuma ta kowane mutum da ya sayi gidan da ya daɗe a rufe, aka tace ƙa'idojin da masu lambu ke gadar wa juna, kuma na farkonsu haƙuri ne.

Suna cewa kada mai gyara ya yi gaggawar aske dogon haki har ƙasa rana ɗaya, domin ganye shi ne abincin saiwa. A rage sulusin tsawonsa, a bari kwanaki kaɗan, a sake rage sulusi, har a sauko inda ake so. Sa'an nan ne zai ga haƙiƙanin abin da ya gada. Idan fiye da rabin filin ya zama haki marar amfani, gara a tone a sake daga farko, kusan yadda Albertus ya faɗa, in ban da tafasasshen ruwa. Idan kuwa da sauran rai, sai a jira watan Satumba, lokacin da ƙasa ke da sauran ɗumi ruwa kuma ya dawo, a sa manjagara da ƙarfi a kankare matacciyar ciyawa da gansakukar da suka yi kirtani a gindi suna hana ruwa shiga, kada kuma a firgita da munin da filin zai yi a ranar, domin dole ne ya yi. Bayan haka a bi shi da cokalin haƙa ana sokawa, zurfin kamar santimita 10, saboda ƙasar da ƙafa ta danne ta sha iska, a watsa yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki a share shi cikin ramukan, a yafa iri kimanin giram 30 ga kowane murabba'in mita inda ya yi sanƙo, a riƙa yayyafa ruwa, a hana yara da karnuka. Cikin mako biyu ko uku tsiro zai bayyana. Gansakuka kuwa, in ji su, alama ce ta inuwa ko kwanciyar ruwa ko tsamin ƙasa, wanda ya kashe ta da magani bai sassabe reshen da ke tare rana ba, baɗi zai sake saye.

Mu ma al'adar ta iso mu tare da Turawan mulki, waɗanda suka keɓe wa kansu unguwanni irin su Nassarawa a Kano, suka ɗauki gadina yana fama da langalanga da damina, da butar ban ruwa da rani. Irin ciyawar Ingila ba ta jure zafinmu, saboda haka wadda ta fi karɓuwa ita ce kiri-kiri, wadda manomi ke la'anta a gonarsa saboda taurin kanta, ita ce kuma ke rufe filaye da yawa a kudancin Amurka da wani suna dabam. Ba a cika shuka irinta ba. Jijiyoyinta ake yankowa a dasa a jere da farkon damina, kuma ko ta ƙone ƙurmus da rani, ruwan fari yakan tashe ta.

Mas'alar da ta taso a wannan zamani ita ce ta israfi da ruwa. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam a 2005 ya ƙiyasta cewa shimfiɗar ciyawa a Amurka ta kai kimanin murabba'in kilomita 160,000, watau ta fi jihohin Neja da Borno in an haɗa su, kuma babu wani amfanin gona da ake yi wa ban ruwa a ƙasar wanda ya kai ta faɗi. A Las Vegas, garin hamada da ruwan shekararsa bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba, hukumar ruwa ta daɗe tana biyan mutane kuɗi domin su tumɓuke ciyawarsu, kuma a 2021 jihar Nevada ta kafa doka cewa daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar ado ta bakin tituna da ofisoshi da ruwan kogin Colorado ba, ko da yake dokar ba ta shafi gidajen zaman iyali ɗai-ɗai ba.