Motar kara

Motar kara abin wasa ce da yaran ƙasar Hausa ke ƙerawa da hannunsu, kuma a Damargu, yankin Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, kayan aikin na nan birjik bayan girbin gero. Yaro yakan fere ɓawon kara, ya yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya soke su da tsinken ɓawon har gangar mota ta tashi. Tayoyi kuwa daga sakaina ko tsohon silifas.

Manyan motocin hanyar Damagaram zuwa Agadas ake kwaikwaya. Gwanaye kan ɗaura ƙaramin injin tsohuwar rediyo mai kaset da batir, motar ta tafi da kanta. Kamfanin Lego na Danmak ya fito da kayan haɗa irin wannan mota a 1977. Amma yaron Damargu shi ke sassaƙa kowane sashe da kansa.