Disneyland: Tarihin Dandalin Nishaɗin da Ma'aikata Suka Riƙe da Tsintsiya da Fara'a

Ranar Lahadi 17 ga Yuli, 1955, tun da hantsi motoci suka toshe hanyoyin shiga garin Anaheim da ke kudancin jihar Kalifoniya a Amurka. Bikin buɗe Disneyland ake yi, kuma na waɗanda aka gayyata ne kaɗai: 'yan jarida, taurarin fim, manyan gari da iyalan ma'aikatan kamfani. Amma mutum kusan 28,000 ne suka kutsa ciki, kusan rabinsu babu wanda ya gayyace su. Wasu katin jabu suka saya, wasu katanga suka haura.

Rana ta take, zafi ya kai digiri 38. Kwaltar da aka malala a tituna ba ta gama bushewa ba, takalman mata masu tsini suna nutsewa cikinta. Famfunan shan ruwa a bushe suke, domin masu aikin famfo sun yi yajin aiki ana dab da buɗewa, har aka ce wa Walt Disney, mai wurin, ya zaɓi wanda za a kammala, famfunan sha ko banɗakuna, ya ce a gama banɗakuna. Abinci ya ƙare a gidajen abinci. Iskar gas ta yi yoyo, aka rufe wasu sassa da rana tsaka. Jirgin ruwan yawo mai suna Mark Twain ya cika maƙil har ruwa ya fara hawa kan dandamalinsa. Duk wannan kuwa gidan talabijin na ABC yana haska bikin kai tsaye ga miliyoyin Amurkawa, kuma cikin masu gabatarwa har da wani ɗan fim, Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1981. Ma'aikatan wurin da kansu suka laƙaba wa ranar Baƙar Lahadi.

Jaridu suka yi ta suka. Amma cikin mako bakwai kacal, adadin masu ziyara ya kai miliyan ɗaya. Ana yawan jingina wannan nasara ga basirar mutum guda. Wanda ya bi tarihin a hankali zai ga cewa abin da ya ceci Disneyland, ya kuma bambanta shi da wuraren wasan da suka gabace shi, shi ne mai shara, mai yankan tikiti, mai ban ruwan furanni da matuƙin ƙaramin jirgi.

Kafin Disney

Wuraren lilo da shaƙatawa sun daɗe a duniya. Bakken da ke kusa da Kofanhagen a ƙasar Denmark ya samo asali tun 1583, lambun Tivoli da ke tsakiyar birnin a yau kuma Georg Carstensen ya buɗe shi a 1843. A Amurka, bakin tekun Coney Island da ke birnin New York ne ya yi tashe. A nan LaMarcus Thompson ya kafa jirgin lilonsa mai hawa da gangarawa a 1884, ana biyan santi 5 a hau. Bayansa aka buɗe Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, da Dreamland a 1904, wanda gobara ta cinye a 1911.

Karayar tattalin arzikin shekarun 1930 da Yaƙin Duniya na Biyu suka durƙusar da sana'ar. Ɗaruruwan wurare suka rufe, waɗanda suka rage kuma suka lalace: fenti ya koɗe, shara ta taru, mashaya suka mamaye, masu kula da lilo suna daka wa mutane tsawa. Walt Disney, wanda ya riga ya yi suna da finafinan katun, ya sha ba da labarin yadda yakan kai 'ya'yansa mata biyu lilon dawakai a lambun Griffith na Los Angeles, su suna hawa shi yana zaune a benci yana cin gyaɗa, yana tunanin wurin da uba da 'ya'yansa za su ji daɗi tare. Da ya ziyarci Tivoli a 1951 ya ga tsabta da furanni da ladabin ma'aikata, sai ya tabbatar abin da yake so mai yiwuwa ne.

Kuɗi suka zama matsala. Yayansa Roy, mai riƙe da baitulmalin kamfani, bai gamsu da farko ba. Walt ya ci bashi da inshorar rayuwarsa, ya sayar da gidan hutunsa. Daga baya ABC ta zuba dala 500,000, ta kuma tsaya masa a kan rancen dala miliyan 4.5, shi kuma ya riƙa shirya mata shiri duk mako. A 1953 mutanensa suka je Shikago suka baje shirin gaban gogaggun masu wuraren wasa. Suka ce ba zai yi ba: ƙofar shiga guda ɗaya za ta haifar da cunkoso, kuma kuɗin da za a narkar wajen gina fada da shuka itatuwa da tsabta asara ce, tunda ba su kawo ko sisi. Walt bai saurare su ba. Aka sayi eka 160 na gonakin lemo, aka fara aiki a Yulin 1954 ƙarƙashin wani tsohon hafsan sojan ruwa, Joe Fowler. Da aka fara cika kogin da aka haƙa, yashi ya shanye ruwan tas, sai da aka daɓe ƙasan da yumɓu. Cikin shekara guda aka gama, aka kashe dala miliyan 17.

Makarantar karɓar baƙi

Watanni kaɗan kafin buɗewa aka ɗauki wani mutum mai suna Van France, wanda ya saba horar da ma'aikatan masana'antu, aka ce ya shirya sababbin ma'aikata. Da shi da wani matashin mataimakinsa, Dick Nunis, suka tsara darasin da har yau ake bi. Jigonsa shi ne, duk wanda ya shigo ta ƙofar nan baƙonka ne, kai kuma kana kan dandalin wasan kwaikwayo muddin idon baƙo na ganinka. Kayan aikinka kayan wasa ne. Gajiyarka da ɓacin ranka ka ajiye su a bayan fage. Bahaushe ya riga ya faɗa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan ce hajar da Disneyland ya fi sayarwa.

Ƙa'idojin sun shiga har ƙananan abubuwa. Idan baƙo ya tambayi hanya, ba a nuna masa da yatsa ɗaya, sai da biyu ko da buɗaɗɗen hannu, domin a wasu al'adu nuni da yatsa rashin ladabi ne. Ba a sayar da cingam a ciki don kada ya manne a ƙasa. Ba a sayar wa jama'a giya ba sai a 2019, in ban da wani keɓantaccen kulob na mambobi da aka buɗe a 1967. Maza ma'aikata ba su da izinin barin gashin baki sai a 2000, gemu kuwa sai 2012, ko da yake Walt kansa mai gashin baki ne. Masu shara fararen kaya suke sawa, don a ga tsabta tun daga jikinsu, kuma ko babban manaja ya ga takarda a ƙasa dole ya sunkuya ya ɗauka.

Akwai aikin da baƙo ba ya gani sam. Da zarar an rufe ƙofa da dare, wata runduna ke shigowa. Ana wanke tituna da mesa, ana goge tagulla, ana taɓa fenti inda hannaye suka goge shi, masu lambu suna cire furen da ya yi yaushi su dasa sabo. Kanikawa suna bin layin dogon jiragen lilo suna duba kusoshi da birki kafin a ɗora ran ɗan kowa a kai da safe. Da rana kuma, wanda ke cikin rigar Mickey Mouse yana fama da zafi da nauyin ƙoƙon kan da ya kifa, yana gani ta wata 'yar kafa, ba shi da damar furta kalma ko ɗaya. Da hannu da kai zai amsa wa yaro, ya rungume shi, ya sa masa hannu a littafi da irin rubutun da aka koya wa duk masu sa wannan riga, don kada yaron da ya dawo baɗi ya ga bambanci. Bayan ɗan lokaci a ja shi bayan fage ya sha ruwa, wani ya fito a madadinsa.

Wasu daga wannan aiki suka tashi. Ɗan wasan barkwanci Steve Martin yana yaro ya fara da sayar da littafin jagora a bakin ƙofa, sannan ya koma shagon kayan dabo. Dick Nunis ya hau har ya shugabanci dukkan wuraren shaƙatawar kamfanin kafin ya yi ritaya a 1999. A tagogin benayen babban titin shiga, ana rubuta sunayen waɗanda suka yi wa wurin hidima kamar allon shaguna. Akwai sunan Van France, akwai kuma na Chuck Boyajian, shugaban masu shara na farko.

Masoya da kayan yawonsu

Walt ya rasu a Disambar 1966, amma tsarin ya bazu: Fulorida a 1971, Tokyo a 1983, Faris a 1992, Hong Kong a 2005, Shanghai a 2016. Tare da shi aka samu wani irin masoya 'yan gani-kashe-ni. Masu sha'awar jiragen lilo sun kafa ƙungiyarsu a Amurka tun 1978, suna yawo gari-gari suna ƙirga waɗanda suka hau, suna fafutukar hana rushe tsofaffi. Kamfanin Disney ya buɗe ƙungiyar masoyansa ta D23 a 2009. Wani mutumin Kalifoniya, Jeff Reitz, ya shiga kundin Guinness saboda ya ziyarci Disneyland kwana 2,995 a jere, daga farkon 2012 har zuwa Maris na 2020 da annobar korona ta sa aka rufe.

Abin da mai ziyara ke riƙewa a hannu ya yi ta sauyawa da zamani. A farko dala 1 ake biya a shiga, sannan kowane lilo da kuɗinsa. Aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa, A na ƙananan wasanni, E da aka ƙara a 1959 na manyan da kowa ke rububi, har aka daina a 1982. A wancan zamani kyamara ce abokiyar tafiya, kuma kamfanin Kodak ya kakkafa alluna yana nuna inda hoto zai fi kyau. A 1999 aka kawo FastPass, takardar da ke ba mutum lokacin da zai dawo ya hau ba tare da dogon layi ba, kyauta. A 2013 reshen Fulorida ya fito da MagicBand, wani abin ɗaurawa a hannu kamar agogo, wanda shi ne tikiti, shi ne makullin ɗakin otal, da shi ake biyan kuɗin abinci. Yau wayar hannu ta haɗiye kusan komai, shi ya sa ba a rasa batirin caji a jakar gogaggen mai ziyara. Tsallake layi kuma ya daina zama kyauta tun 2021, kuma a 2024 tikitin yini guda a ranakun cunkoso ya haura dala 200.

Amma ka tambayi masoyan nan abin da ke dawo da su, za ka ji suna ambaton mutane: matuƙin kwalekwalen da ya ba su dariya, mai sharar da ya zana fuskar katun a ƙasa da jiƙaƙƙen tsintsiya, ma'aikaciyar da ta musanya wa yaro ƙaramin bajo daga ratayen wuyanta, al'adar da ta faro a 1999.

Haƙƙin gumi

A nan tarihin yake da ɗaci. A Satumbar 1984 ma'aikata kusan 1,800 suka yi yajin aikin kwana 22 kan shirin daskarar da albashi da rage alawus, kuma a ƙarshe suka koma aiki sun amince da shekara biyu babu ƙari. A 2018 wani bincike da ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗauki nauyi, wanda ma'aikata kusan 5,000 suka amsa, ya nuna kashi 73 cikin ɗari sun ce albashinsu ba ya isar su bukatun wata, kashi 11 kuma sun ce sun taɓa rasa matsuguni cikin shekaru biyun da suka gabata. Kamfanin ya musanta sahihancin binciken. A shekarar ce mutanen Anaheim suka kaɗa ƙuri'ar ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa ga kamfanonin shaƙatawa masu samun tallafin gari. Rikici kan ko dokar ta shafi Disney ya kai kotu, sai a ƙarshen 2024 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 233 ga dubban ma'aikata. Lokacin korona kuwa, Disneyland ya shafe fiye da shekara a rufe, kamfanin ya sanar da sallamar mutum 28,000 daga sashen wuraren shaƙatawarsa na Amurka.

Ma'aikatan ba su zauna ba. A Mayun 2024 masu sa rigunan katun da masu fareti suka zaɓi shiga ƙungiyar ƙwadago. A Yuli ma'aikata kusan 14,000 suka yi barazanar yajin aiki, aka daidaita a kan mafi ƙarancin albashi na dala 24 a awa.

Fiye da shekara 70 sun tabbatar da abin da masu wuraren wasa suka ƙi yarda da shi a Shikago: tsabta da ladabi suna kawo kuɗi fiye da kowane inji. Injin ana iya sayo irinsa, an ma sayo, an kafa a nahiyoyi da dama. Ma'aikacin da zai tsaya awa takwas a rana yana yi wa baƙo fara'a ta gaskiya ba a sayo shi daga masana'anta, sai an horar da shi, an mutunta shi, an biya shi abin da zai riƙe gidansa. Duk mai son buɗe wurin nishaɗi, babba ko ƙarami, da wannan ya kamata ya fara lissafi, kuma duk mai ziyara da ya ji daɗin yininsa ya san wanda ya kamata ya gode wa.